Tushen Labari da Ma'aunin Kasuwa: Tarken Wasannin Hausa Masu Dogon Zango a YouTube

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a dubi wata tambaya wadda masu nazarin adabin Hausa ba su cika yi wa wasan kwaikwayo ba, watau: daga ina labari ke fitowa, kuma wane ne ke yanke masa tsawo? A da, in an yi wannan tambaya game da Jatau na Kyallu ko Uwar Gulma, amsar ba ta da wuya. Marubuci ne ya dubi zaman jama'arsa, ya ga abin da ya tsaya masa a rai, ya ƙulla, ya warware, ya ajiye alƙalami. To, amma da yawa daga cikin wasannin da Hausawa ke kallo a yau ba a takarda suke ba, ba kuma a dandamali ba. Suna cikin wayar hannu ne, a tashoshin YouTube, kashi bayan kashi, mako bayan mako. Abin da nake so in nuna shi ne, a irin waɗannan wasanni akwai wani marubuci na biyu wanda ba a sa sunansa a farkon fim, alhali kuwa hannunsa na cikin jigo da zubi, har da sunan da ake raɗa wa wasan. Wannan marubuci shi ne ma'aunin da kamfanin YouTube ke auna bidiyo da shi, yake kuma biyan kuɗi a kansa.

Galibin misalaina daga Izzar So da Labarina za su fito, sa'an nan in taɓo Kwana Casa'in da Gidan Badamasi inda kwatance ya kama. Ba zan shiga batun ko finafinan nan suna gyara tarbiyya ko suna ɓata ta ba. Ba don batun ba shi da muhimmanci ba, sai don an sha tattauna shi a tarurruka irin wannan, har ya kai ga danne tambayoyin da suka shafi fasahar ƙaga labari ita kanta, waɗanda su ne ainihin aikin mai tarke.

Daga Kaset Zuwa Waya

Masana sun fi karkata ga cewa Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ne mafarin sana'ar finafinan bidiyo na Hausa. Daga nan har wajen shekara ashirin hanyar ciniki ɗaya ce: a shirya fim, a kai wa 'yan kasuwa, galibi a Ƙofar Wambai, a buga shi a kaset, daga baya a faifan sidi, a sayar. Satar fasaha da masu tura finafinai a waya su suka karya wannan kasuwa. Ana cikin haka tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta saba wa jama'a da wasa mai fitowa mako-mako, kamar Daɗin Kowa, da Kwana Casa'in wanda ya fara a 2019. A shekarar 2020, wadda annobar korona ta tsare mutane a gida, Izzar So ya bayyana a tashar Bakori TV ta Lawan Ahmad, Labarina na Aminu Saira kuma ya fara a Arewa24, kana ya samu mazauni a tashar Saira Movies. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Abin lura a wannan sauyi shi ne, mai kallo ya daina biyan mai fim kai tsaye. Kuɗin da yake kashewa na data ne, kamfanin waya yake ba. Mai talla shi ke biyan mai fim, ta hannun YouTube. Ashe ke nan hajar da ake sayarwa ta tashi daga labari ta koma lokacin mai kallo, labarin kuwa ya zama igiyar da ake ɗaure shi da ita.

Yadda Ma'aunin Yake

An kafa YouTube a Amurka a 2005, Google ya saye shi a 2006, aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo a 2007. Da farko yawan waɗanda suka danna bidiyo shi ne abin da ake dubawa. A 2012 kamfanin ya sauya, ya mai da tsawon lokacin da mutane suka zauna suna kallo ya zama babban abin da ke sa a tura bidiyo gaban wasu. A 2018 kuma aka gindaya cewa tasha ba za ta ci kuɗin talla ba sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. In ta cika sharaɗi, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogon bidiyo nata ne. Har ila yau, tun 2020 bidiyon da ya kai minti takwas ana iya sa masa talla a tsakiya, ba a farko da ƙarshe kaɗai ba; kafin nan sai ya kai minti goma.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a ga inda waɗannan ƙa'idoji ke tura mai fasaha. Wanda ya yi wasan sa'a guda, in mutum 4,000 suka kalle shi daga farko har ƙarshe, ya cika sa'o'insa. Wanda kuwa ya yi barkwancin minti uku, sai an kalle shi sau 80,000 kafin ya kai wannan matsayi. Kuma mai dogon wasa yana da gurabun talla da dama a cikin kashi guda. Babu wanda ya ce wa marubucin Hausa ya tsawaita labarinsa, amma duk mai idon gani ya san inda riba take.

Bayan wannan, YouTube yana ba kowane mai tasha wani zane mai nuna daidai wurin da masu kallo suka fara watsewa, har da adadin waɗanda suka rage bayan daƙiƙa talatin na farko. Wannan abu ba baƙo ne ƙwarai ba a wurinmu. Tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya da dare ita ma tana duban fuskokinsu, in ta ga an fara gyangyaɗi sai ta jefa waƙa, ko ta sa Gizo ya yi wata sabuwar ɓarna. Bambancin shi ne, ita ta san dalilin gyangyaɗin. Ta san wannan yaro gajiyar kiwo ce ta kama shi, wancan kuwa labarin ne bai yi masa ba. Zanen YouTube ba ya rarrabewa tsakanin wanda ya tashi don wasan ya gundure shi, da wanda datarsa ta ƙare, da wanda cajin wayarsa ya mutu don an kwana biyu ba wuta. A ƙasar da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Haka kuma ɗimbin mutanen da ke zuwa wurin masu turawa su karɓi wasan a waya, ko waɗanda ke taruwa su biyar a kan waya ɗaya, ma'aunin bai san da zamansu ba. Marubucin da ya mai da wannan zane malaminsa, yana koyo ne daga malamin da ke gani da ido ɗaya.

Inda Ake Samo Labari

In mutum ya bi waɗannan tashoshi na ɗan lokaci, zai ga rijiyoyin da ake ɗebo labari ba su da yawa. Ta farko tsohuwa ce, ita ce taskar tatsuniya da littattafan soyayya na Kano: talaka mai gaskiya da 'yar mai kuɗi mai girman kai, kishiya da makircinta, gado da rigimarsa, ɗan da ya ɓata aka gano asalinsa. Izzar So a kan na farkon ya tsaya. Umar Hashim, wanda Lawan Ahmad ya fito a matsayinsa, ma'aikaci ne mai riƙon amana a kamfanin Matawalle, Hajiya Nafisa kuwa, wadda Aisha Najamu ta hau, 'yar mai kamfanin ce da ke ganin bai kai ya ɗaga ido ya dube ta ba. Sunan wasan ma a nan ya samo asali. Labarina shi ma, a labarinsa na biyu wanda Sadiq Sani Sadiq ya ja, ya ɗauko attajirin da ya ɓad da kama ya shiga rigar talauci don ya gane mai sonsa tsakani da Allah. Duk wanda ya taso yana jin hikayoyin sarkin da ke yin shigar burtu ya zaga gari da dare, ya san wannan ƙulli tun kafin a haifi YouTube.

Ni ban ga aibu a cikin wannan ba, kuma ina ganin masu sukar finafinan nan da cewa ba su kawo sabon abu ba sun yi gaggawa. Alhaji Abubakar Imam bai ƙagi yawancin labaran Magana Jari Ce daga iska ba. Ya ɗebo daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, kamar yadda Ruwan Bagaja ke da ƙamshin Maƙamatul Hariri. Abin da ya sa ba mu kira shi mai kwafa ba shi ne, duk abin da ya aro sai ya jiƙa shi a ruwan Hausa har ya canza launi: sunaye, da wurare, da irin wautar da Bahaushe ke yi wa dariya, da irin wayon da yake yabawa. Tambayar da ta kamata a yi wa Izzar So ita ce ko ya narkar da abin da ya ɗauko. A nan, a ganina, kashi-kashinsa na farko sun ci jarrabawa. An tsamo tsohon ƙulli daga fadar sarki aka dasa shi a ofishi, inda izza ke bayyana ta hanyar takardar kora da kujerar manaja, ba ta hanyar dogari ba. Matashin da ya gama karatu yana yawo da takardu, ko ƙaramin ma'aikacin da 'yar mai gida ke yi wa tsawa, ya ga kansa a jikin Umar Hashim. Wannan shi ya tara wa tashar jama'a, ba wata dabarar kasuwa ba. Raunin da na gani shi ne, an wanke tauraron har ya yi fari fat. Ba ya kuskure, ba ya shakka, kuma sau da yawa yakan bar zancen da ake ciki ya juya ga nasiha, ta yadda mai kallo zai ji kamar da shi ake magana, ba da abokin wasan ba. Tauraron da ba ya sauyawa kuwa, tilas duniya ta yi ta kewaya shi da sababbin maƙiya, in dai ana so wasa ya ci gaba.

Rijiya ta biyu ita ce ganin wane ya yi. Da zarar wani jigo ya karɓu, sai a wayi gari tashoshi da dama sun ɗauke shi, har da kamannin suna da irin gidan da ake ɗaukar hoto. Wannan ɗabi'a ta girmi intanet, don zamanin kaset ma an yi yayin finafinan sarauta bayan Sangaya, an kuma yi yayin camama a bayan marigayi Rabilu Musa Ibro. Sai dai YouTube ya ƙara mata ƙarfi, domin shi da kansa yake jera wa mai kallo makamantan abin da ya gama kallo. Sabon mai tasha wanda ba shi da kowa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya yi kama da wanda ya riga ya tara jama'a, ko a jero shi a gefensa. Ta haka ake samun mabiya da wuri, amma mabiyan aro ne, na wani ne suka leƙo.

Rijiya ta uku ita ce sabuwa, kuma ita ta fi cancantar nazari, watau bakin masu kallo. A ƙarƙashin kowane kashi mutane na rubuta ra'ayinsu: a haɗa wane da wance, kada a kashe wane, wance ta cika mugunta a hukunta ta. Tun da yake ana iya ci gaba da rubuta wasa alhali ana cikin nuna shi, waɗannan maganganu suna da hanyar komawa cikin labarin. Wani zai ce ai wannan komawa ce ga asalin adabin baka, inda mai sauraro ke amsa amshi, yana sa baki. Akwai gaskiya a ciki. Amma yaran da ke amsa wa mai tatsuniya ba su taɓa hana Gizo faɗawa ramin da ya haƙa ba. Amshi nasu ne, hukunci na labari ne. Masu kallo, in an bi ta tasu, abin da suke so shi ne a faranta musu rai a wannan makon, su kuma za su fara tsaki in wasan ya zama ba ya ba su mamaki. Da Malam Shu'aibu Maƙarfi ya tsaya sauraron zaɓin jama'a a kowace fitowa, ina shakkar Jatau na Kyallu zai zama abin da muke koyarwa a yau.

Aku da Musa

Yanzu mu zo ga matsalar tsawaitawa, wadda ita ce zuciyar wannan takarda. Adabinmu na da kyakkyawan misali na mai ba da labari wanda burinsa shi ne ya riƙe mai sauraro. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa na shirya masa makirci a waje. Kullum dare Musa yakan yi shiri zai fita, aku kuma yakan tsare shi da labari har gari ya waye. In da ana auna sa'o'in sauraro a wancan zamani, da akun nan ya fi kowa cika sharaɗi. Don haka riƙe mai sauraro ba laifi ba ne, tsohuwar sana'a ce, kuma a kanta aka gina Dare Dubu da Ɗaya ma.

To, ina bambancin yake? Ina ganin wuri biyu ne. Na farko, aku yana riƙe Musa ne don amfanin Musa, kowane dare da ya cinye masa, ransa ya tsirar. Na biyu, wanda ya fi shafar zubi, kusan kowane labari da aku ya ɗauko yana kai shi ƙarshe. Ɗokin da ke jan mai karatu daga dare zuwa dare yana cikin babban labarin da ya lulluɓe sauran ne, watau ko Musa zai fita ko ba zai fita ba, amma ƙananan labaran kowanne na da kai da gindi. Mai karatu yana tashi a ƙoshe, kuma yana marmarin gobe. Wannan tsari shi Samanja na marigayi Usman Baba Pategi ya bi a rediyo da talabijin shekara da shekaru: bariki ɗaya, mutane ɗaya, amma rigimar yau daban da ta jiya. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya fi kusa da wannan hanya, domin attajiri mai tarin 'ya'ya masu jiran dukiyarsa yanayi ne da ke iya haifar da rikici sabo kullum ba tare da an ja wani ƙulli guda har ya tsinke ba.

Wasannin soyayya da makirci kuwa ba haka suke ba. Ƙulli guda suke da shi, kuma ranar da aka warware shi wasa ya ƙare, kuɗi ma ya tsaya. Saboda haka sai a shiga neman hanyar hana shi warwaruwa. Hanyoyin sanannu ne ga duk mai kallo. Akwai sirrin da mutum zai buɗe baki ya faɗa sai waya ta yi ƙara. Akwai maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani, ta bakin wani yana ba wani labari, sa'an nan na biyun ya je ya ba na uku. Akwai doguwar gaisuwa, da nuna mota tun daga buɗe mata ƙofa har ta ɓace a kwana. (Na taɓa sa ɗalibaina su ɗauki kashi guda na wani wasa, ban da sunansa a nan, su rubuta abin da ya auku a cikinsa wanda bai auku a baya ba. Mafi tsawon amsa layi huɗu ce.) Sai kuma babbar hanya, watau shigo da sababbin mutane da nasu rigingimu, har a wayi gari waɗanda aka fara wasan dominsu sun zama baƙi a gidansu. Izzar So ya haura kashi ɗari, kuma ko masoyinsa ba zai ce zaren da ya ɗaure Umar Hashim da Nafisa a farko yana da tsawon da zai ɗinke wannan yadi duka ba.

A nan ne nake ganin Labarina ya yi abin a yaba. Labarinsa na farko, na Sumayya, ya gamu da cikas irin wanda dogon wasa ba ya rasawa: Nafisa Abdullahi da ta fara hawa matsayin ta bar shirin, aka kawo Fati Washa ta ci gaba. Sauya fuskar tauraruwa a tsakiyar tafiya abu ne mai wuyar haɗiya ga mai kallo, kuma yana daga cikin farashin tsawaitawa da ba a cika lissafawa ba, domin 'yan wasa mutane ne, suna da tasu rayuwar. Amma daga baya masu shirin suka rufe wannan labari, suka buɗe wani sabo fil da sababbin taurari a ƙarƙashin suna ɗaya. Sunan Labarina ya ba su wannan dama, tun da kowa na da nasa labarin. Ko sun sani ko ba su sani ba, dabarar aku suka komawa: suna da amincin jama'a su ne babban labarin da ke dawo da mai kallo, ƙananan labaran kuwa a bar su su mutu in ajalinsu ya yi. Ba na cewa sababbin labaran sun kuɓuta daga jan rai, don su ma akwai inda suke tafiyar hawainiya. Abin da nake cewa shi ne, an nuna ana iya ƙare labari ba tare da an rufe tasha ba, kuma wannan amsa ce ga masu cewa kasuwa ce ta hana su kai aya. Kwana Casa'in ya zo da wata dabarar, domin sunansa ma wa'adi ne, kuma siyasar jihar Alfawa da aka ƙaga tana da zaɓe da rantsarwa waɗanda ke yanka labarin gaɓa-gaɓa. Wa'adi yana tilasta wa marubuci ya san inda za shi.

Suna, Hoto da Talla

Kafin mutum ya kalli bidiyo, abu biyu yake gani, ɗan hoton da aka liƙa masa da kuma kanun da aka rubuta. YouTube na ƙirga mutum nawa suka danna daga cikin waɗanda aka nuna wa. Manyan tashoshi ba su cika buƙatar wayo a nan ba, sunan wasa da lambar kashi sun wadatar. Ƙananan tashoshi ne, musamman masu labaran 'yan fim da masu yanko guntayen wasannin wasu, suka mai da abin sana'a: fuska mai hawaye, da kanu irin su asiri ya tonu, ko abin da ya faru zai ba ka mamaki, a shiga a tarar ba kome. Bahaushe ya san take da kirari, ya san ana zuguguta abu, amma kirari yakan dace da mai shi ko da an ƙara gishiri. Wannan kuwa alkawari ne da ba a cikawa, kuma ma'aunin da suke wa wayo shi ke kama su, don wanda aka yaudara ba ya daɗewa, tashinsa da wuri kuma shi ke sa a daina tura bidiyon gaba.

Batun talla ya fi wannan nauyi. Abin da masu talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, kuma kallo daga Nijeriya ko Nijar bai kai darajar kallo daga Amurka ko Ingila a wannan kasuwa ba. Don haka wasan Hausa na iya tara jama'a masu yawa, kuɗin da zai shigo bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da abin da aka kashe. Sai masu shiri su nemi 'yan kasuwar gida, masu filaye da magunguna da kayan mata, a yanka wasa a sa tallarsu, wani lokaci ma a sa ta a bakin ɗan wasa yana cikin matsayinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wannan gaskiya ne. Amma in tauraron da aka gina a kan ba ya ƙarya ya juyo yana rantsuwa a kan ingancin wani magani, amanar da labarin ya tara masa ce ake sayarwa, kuma ba a tambayi mai kallo ba.

Akwai wani amfani guda da wannan yanayi ya kawo wanda bai kamata a manta da shi ba. Zanen YouTube na nuna wa mai tasha ƙasashen da ake kallonsa, ya ga Nijar da Gana da Kamaru da Sudan da Saudiyya a gabansa. Zamanin kaset ɗan kasuwa ne kaɗai ya san iyakar inda kaya ke kaiwa. Sai dai har yanzu ban ga wannan sani ya shiga cikin labaran sosai ba. Hausar Kano ce ke mulki, sauran kare-karen harshe kuwa galibi sai in ana son a ba da dariya, rayuwar Bahaushen zango a Kumasi ko ta mazauna Sudan kuma tana nan ba a taɓa ta ba, ga masu kukan sun rasa sabon labari.

Hukumar Tacewa da Saurin Mako

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, an gina aikinta ne a kan fim gamamme: a kawo, a duba, a ba da izini, a kai kasuwa. A watan Mayun 2025 ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin ana sakinsu ba tare da an kawo mata ta duba ba. An yi ta muhawara a kan iyakar ikon hukumar jiha a kan abin da aka ɗora a intanet, wannan kuwa na masana shari'a ne. Abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne karon da aka yi tsakanin agogo biyu. Tasha na tsoron ta tsallake mako, kada jama'a su watse, hukuma kuwa na so a dakata ta gani tukuna. Hanyar da za ta gamsar da su duka ita ce a kammala zango ɗungurungum, rubutu da ɗauka, kafin a saki kashi na farko. Wannan na bukatar jari wanda ƙananan masu shiri ba su da shi, kuma zai rage musu damar juya labari bisa abin da masu kallo suka faɗa a makon jiya. Amma marubucin da aka ce ya kawo zango cikakke, tilas ya zauna ya san abin da zai faru a kashi na goma sha uku tun yana rubuta na ɗaya.